Na Je Abuja Na Dawo Ba Ni Da Taga

Tun ranar da muka tare a gidan Tirwun ban yarda na buga ƙusa ko ɗaya a bango ba. Madubina a jingine yake a kan akwati, labulen taga kuma igiya na ɗaura masa. Baban Ummi yakan yi mini dariya, wai ina zama kamar mai jiran mota a tasha. Ni dai na san gidan ba namu ba ne. Na wansa ne, Yaya Kabiru, da yake aiki a Abuja. Ya gina, ya rasa mai zama, ya ce mu shiga ɗakin baya mu riƙa duba masa kada ɓarayi su ɓalle ƙofofi. Duk ranar da waya ta yi ƙara na ji maigidana ya gyara murya ya ce "Na'am, Yaya," sai in ce a raina shi ke nan, yau za a ce mu tashi.

Ku matan Islamiyyarmu ta Gwallaga kun dame ni da tambaya tun da na dawo. Ya Abuja, me na ci, ina tsaraba, da gaske ne titi har a sama. Kowacce na ce mata lafiya lau, don ba na son in fara magana a tsakar gidan mutane hawaye ya kunyata ni. To ga shi na rubuta sau ɗaya, wadda ta karanta ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Waɗanda suka san mu tun muna haya a Gwallaga sun san halin da Ummi ta shiga. Ɗakinmu yana manne da mai injin markaɗe, ƙofar gida kuma nan masu keke mai ƙafa uku suke tsayawa suna ta hayaƙi. Yarinyar nan ba ta yi wata nawa a duniya ba ƙirjinta ya fara fito kamar an sa mata usur a ciki. A asibiti suka ce asma ce, a raba ta da hayaƙi. Da muka koma Tirwun muka sami ɗaki mai babbar taga da ke kallon gonaki, iska tana shiga ta fita yadda ta ga dama. Tarin ya yi sauƙi, yarinyar ta yi kumatu, har na daina sa kunnena a bayanta ina sauraron numfashi. Ni a wurina wannan taga magani ce.

Ana cikin zaman korona sai Yaya ya kira. An rufe ofishinsu, an ce kowa ya yi aiki daga gida ta kwamfuta, matarsa Anti Farida ma haka. Kuɗin hayar gidansu na Abuja ya kusa ƙarewa, shi kuma ya ce tunda aikin a cikin kwamfuta yake, me zai hana ya ɗauko ta ya dawo gida Bauci inda abinci yake da sauƙi. Anti tana da tsohon ciki, mai aikinta ta gudu garinsu, ba mai taya ta haɗa kaya. Inna, surukata, ta ce ni zan je.

Na ce wa Baban Ummi, "To mu fa?"

Ya ce, "Ke dai kin cika fargaba. Na tambaye shi da bakina. Ya ce su babban sashe za su shiga, ɗakinmu yana nan namu. Ki je ki kyauta musu, ai shi ne riba."

Da wannan maganar na goya Ummi muka nufi tasha, bayan an buɗe hanya.

Direbanmu wani ɗan siriri ne mai yawan surutu. Kafin mu tashi ya jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin kujerarsa ya raba wa marasa takunkumi, ya ce aro ne, in an wuce shinge a dawo masa da kayansa. Na ga wanda ya ba mutumin gaba har da shatin jan baki a jiki. Ni da nawa na zo, na atamfa, wanda tela ya ɗinka mana a Gwallaga. A gefena wata dattijuwa ce 'yar Bogoro, Mama Rifkatu, za ta Mararaba wurin ɗanta. Tun kafin mu fita gari ta san sunan ƙauyen uwata da abin da zai kai ni Abuja.

Matsalar ita ce jarkar fetur da direba ya ajiye a but, daidai bayanmu. Muna wuce Nabordo Ummi ta fara tari. Mutumin gaba ya waiwayo ya ja aron takunkuminsa har ido.

Na ce, "Asma ce, wallahi asma ce, tun tana jaririya."

Ya ce, "Kowa ma haka yake cewa."

Direba ya ce, "Hajiya, ki san yadda za ki yi da ita kafin iyaka. In ta yi wannan a gaban ma'aikatan lafiya, motata za su riƙe, ke kuma su raba ki da 'yarki."

Ban san ko gaskiya ne ana raba uwa da ɗa ba, amma lokacin kowa abin da yake faɗi ke nan. Mama Rifkatu ta buɗe jakarta ta ɓare guntun rake ta sa wa Ummi a baki, ta buɗe gilashi gaba ɗaya, ta ce mini, "Kawo shi nan. Kai ka yi shiru, fuskanka kaɗai zai tona mu." Haka Hausarta take, kowa namiji ne.

A iyakar Bauci da Filato aka sauke mu duka, muka yi layi a rana. Wani mai farar riga yana ɗora wa kowa wani abu a goshi, mai kama da ƙaramar bindiga. Ummi na ganin an nufo ta da shi ta tsala ihu, ihun ya koma tari. Mutumin ya ja baya ya ce me ya same ta. Kafin in buɗe baki Mama Rifkatu ta hau shi da faɗa.

"Ka nuna wa jikana bindiga kana tambaya me ya same shi? Rake yana ci, ka tsorata shi ya ƙware. Kai ba ka da yara a gida?"

Ya duba abin, ya ga ba zafi, ya ce mu wuce. Muna shiga mota direba ya miƙo leda aka mayar masa da takunkumansa. Mama ba ta ba ni Ummi ba sai da yarinyar ta yi barci.

Jos sanyi, ba abin da zan ce da ita ban da haka, don ba mu tsaya ba. A gangaren Hawan Kibo na rufe ido ina salati, da na buɗe na ga tirela kwance a gefe da buhunan albasa a warwatse. A Akwanga muka yi salla muka ci shinkafa da miya mai yaji kamar ta fansa, naman kuma na tauna na gaji na ba wani kare. Abin da na lura da shi tun daga nan, manyan motoci ne suke ta wuce mu suna yin arewa, an lafta musu kujeru da katifu da firij, har da keken yara a ɗaure a sama.

Mama Rifkatu ta ce, "Ka gani? Da lafiya ba wanda ya san mu. Ciwo ya zo, kowa ya tuna yana da ƙauye."

Na yi dariya. Ban kawo a raina cewa irin wannan motar zan je in loda ba. A Mararaba ta sauka, ta shafa kan Ummi ta ce Allah ya raya. Ban karɓi lambarta ba, har yau ina jin haushin kaina.

Unguwar su Yaya get ne a cikin get. Maigadi ya kira a waya kafin ya bar ni in shiga. Na zata Anti za ta rungume ni kamar yadda muke yi in ta zo salla. Daga bakin ƙofa ta tsaya, da takunkumi, hannu a kan ciki.

Ta ce, "Sa'adatu, sannu da hanya. Ki yi haƙuri, kin ga halin da nake ciki. Ki ɗan zauna a bikiu na 'yan kwanaki tukuna, mu ga lafiyarku."

Bikiu shi ne ɗakin masu aiki a bayan gida. Aka feshe jakata da wani ruwa mai warin asibiti. Abinci a tire ake ajiye mana a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa a tafi, cikin faranti na roba da ake zubarwa in an gama. Ni da na zo taya aiki, sai ga ni ana kawo mini abinci kamar mai jego. Ban ji haushinta ba. Tsoro take ji, ni kuma na san tsoro. Sai dai a gidanmu ko kuturu ya yi sallama a kan tabarma ake ba shi ruwa.

Da aka ga ba mu mutu ba aka ce mu shigo ciki. Nan na ga aikin da ake ta faɗi. Yaya zai yi wanka ya fesa turare ya sa farar riga da kwat, ƙasa kuwa gajeren wando da silifas. Ya zauna gaban kwamfuta, fuskoki su cika ta kamar hotunan kalanda, a yi ta Turanci. Da an fara, gidan ya zama makabarta. Ba daka, ba jajjage, ba buɗe famfo da ƙarfi. Anti tana ɗaya ɗakin da waya a kunne tana yi wa bango bayani. Yaransu biyu kowa da allon gilashinsa, malama tana koyarwa daga ciki. Mutum huɗu a gida ɗaya, kowa yana hira da wanda ba ya nan.

Rana ta farko Ummi ta sulale ta leƙa ta ƙarƙashin hannun Yaya, ta ga wani Bature mai sanƙo, ta ce da ƙarfi, "Mama, ga mutum a akwati." Na ji dariya ta fito daga kwamfutar. Yaya ya yi murmushi a sama, a ƙasa kuma yana kaɗa mini hannu in zo in ɗauke ta. Daga ranar in an fara mitin sai in goya ta mu koma bayan gida mu tsaya wajen tankin ruwa.

Abincinsu a leda yake zuwa, ɗan acaɓa ya kawo har get. Da safe wani abu kamar ƙanzo suke zubawa a madara mai sanyi. Na daure na daure, ranar nan na ciro kuka da daddawa da na ƙullo daga gida na tuƙa tuwon masara. Yaya ya cire kwat ya zauna a ƙasa ya ci har ya nemi ƙari. Ya ce, "Sa'a, wannan kaɗai ya isa ya mayar da mutum gida." Na ji daɗi har cikin raina. Ku riƙe wannan, don jin daɗin nan ne ya sake mini baki daga baya.

Maƙwabta kuwa ba a gaisawa. Na gai da wata mata ta katanga, ta gyara takunkumi ta shige. An yi rasuwa a gidan da ke kallonmu, su Anti ba su sani ba sai da suka ga motoci. Na ce ba za mu shiga gaisuwa ba? Ta ce za ta tura saƙo, in ta sami lambar. Maigadi, wani ɗan Darazo, ya ce mini layin nan kusan rabinsa ya tashi, wannan ya koma Gombe, wancan wani ƙauye a bayan Jos, duk masu aikin kwamfuta ne.

Muka shiga haɗa kaya. Na naɗe kofuna a jarida, na wanke labulaye, na ɗaure takalma a buhu. Anti tana zaune tana nuna mini, tana ta sa albarka. Ta ba ni atamfofi da ba ta ɗinka ba, ta ba Ummi takalma da riguna cike da leda. Ba zan ɓoye alherinta ba.

Ana saura kaɗan mu taso, wata rana da la'asar, muna falo a tsakiyar kwalaye, Yaya ya fito ransa a ɓace. Mitin ɗinsa ya yanke ana tsakiyar magana. Ya ce wa Anti in a Abuja sabis yana yi masa haka, Tirwun fa? Ya ce da ya je duba gini, a falon ko kira ba ya shiga sai ya fita waje. Ya ce anya ba za su fasa ba, su nemi haya a cikin gari, ko su ƙara shekara a nan.

Da na yi shiru, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma na ga ransa a ɓace, mutumin da ya ba mu wurin zama, ya yaba tuwona. Kuma na gaji da zama a gidan nan ban san komai ba, ban iya kunna murhunsu ba, ban iya buɗe ƙofar banɗakinsu ba. Yau ga abu ɗaya da na sani.

Na ce, "A'a Yaya, ai akwai sabis a gidan. Ɗakinmu cike yake. Matan layin ma tagata suke zuwa in za su yi kiran bidiyo da mazajensu da ke Legas. Ko ana ruwa ba ya yankewa."

Ya juyo gaba ɗaya. "Wane ɗakin?"

"Na bayan, mai kallon gona."

"Har bidiyo?"

"Har bidiyo, Yaya. Tar kake ganin mutum."

Nan take ya kira ƙaninsa. Ga Baban Ummi a waya, a zaune a bakin gadonmu, ana ganin har zanen da na bari a kan igiya. Yaya ya ce ya zaga da wayar cikin gida. Ya shiga falo, hoto ya daskare. Ya shiga babban ɗaki, ya yanke. Ya dawo ɗakinmu ya sake kira, ga shi garau, yana dariya yana cewa, "Ai Yaya nan ne hedikwata." Shi ma murna yake, yana ganin ya yi wa wansa amfani. Yaya ya ce alhamdu lillahi, matsala ta ƙare. Na duba Anti, na ga ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta.

Ba wanda ya ce mini komai. Washegari dai Anti ta fito da wani labule mai kauri, ruwan toka, ta ce hasken rana yana ɓata hoton kwamfuta. Ta ce, "Sa'adatu, tagar nan ta baya, faɗinta zai kai yaya?" Na buɗe hannuwana na gwada mata, don na san ta kamar tafin hannuna. Ta ce in rage tsawon in kalmashe bakin. Na zauna da zare da allura na yi masa ɗinki mai kyau. Ina yi ina gaya wa kaina wataƙila kyauta za ta ba ni.

Na kira Baban Ummi na ce, "Yaya ya yi maka wata magana?"

Ya ce, "Ki bari sai kin dawo." Daga jin haka na san an yi.

Dawowa a motar Yaya muka yi, babbar motar kaya tana bin mu a baya. Motar sanyi, ba warin fetur, Ummi ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Ni da yara uku a baya. Akwai wani farin akwati ƙarami mai ƙahoni, wanda yake jawo intanet, Yaya ya ce kada a sa shi a but ya fashe, in riƙe masa. Haka na taho tun daga Abuja har Bauci da shi a cinyata, 'yata kuma a matse a gefe tana jan hijabina tana son in ɗauke ta.

A hanya su murna suke. Wajen Jos muka tsaya sayen dankali da tumatir, mai kaya ta faɗi kuɗin da ko ita ba ta sa rai ba, Anti ta ce kai, araha kamar kyauta, ta biya ba tayi. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna inda magana ta kai ni, na rufe. A iyakar da aka shanya mu a rana, Yaya gilashi kawai ya sauke ya nuna katin aikinsa, aka ce a sauka lafiya, ranka ya daɗe. Ba wanda ya ɗora wa kowa bindiga a goshi. Da muka wuce Toro ya kashe sanyin mota ya buɗe taga ya ja numfashi, ya ce, "Ku shaƙi iskar gida, yara. Wannan ba a sayar da ita a Abuja."

Mun iso Tirwun da sauran rana. Inna tana tsakar gida, an yi shara, an yi girki. Na sauke akwatin mai ƙahoni na nufi ɗakina in shimfiɗa Ummi. Na tura ƙofa na ga wayam. Ba gado, ba akwati, ba madubi. An goge ƙasa har tana ƙyalli. Igiyar labulena kaɗai ta rage a jikin taga.

Baban Ummi yana bayana. Ya ce, "Suna sito. Na gyara shi, na yi farar ƙasa. Zo ki gani, ba laifi."

Siton nan a nan muke ajiye masara da takin zamani da maganin feshi. Tagarsa ɗaya, can sama, ba ta fi faranti ba.

Na ce, "Kai da ka ce ka tambaye shi da bakinka."

"Na tambaye shi. Lokacin bai san da zancen sabis ba."

"Ka gaya masa zancen ƙirjin Ummi?"

Ya kau da kai. Sannan ya ce, "Gidansa ne, Sa'a. Keken da nake ja ma shi ya saya. Da wane bakin?"

Inna ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, kada ki tayar mana da fitina ranar farin ciki. Ɗana ya dawo gida bayan shekara da shekaru. Ɗaki ai ɗaki ne, mu a zaure ma mun yi jego."

Masu sauke kaya suka wuce ta gabana da teburin Yaya, wanda ni na naɗe ƙafafunsa da tsumma don kada su karce. Kafin magariba na ji ana buga ƙusa. A bangon da na yi ta lallaɓawa, aka rataye agogo da wani allo da labulen da na ɗinka.

Wuta a Tirwun kun san yadda take. Aikin Yaya ba ya jiran a kawo, don haka aka sauke janareto. Anti ba ta son ƙara kusa da ɗakinta, kusa da ofis kuma mutanen cikin kwamfuta za su ji. Wurin da ya rage shi ne lungun da ke bayan sito, daidai ƙarƙashin 'yar tagar nan. Daga safe har la'asar yake aiki. Ba a yi sati ba usur ɗin ya dawo ƙirjin Ummi.

Na yi ta maza na sami Yaya bayan ya idar da salla. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Yaya, hayaƙin nan yana shiga wa Ummi."

Ya ce, "Subhanallahi. Me ya sa ba a gaya mini ba?" Ya kira ƙaninsa ya yi masa faɗa a gabana, ya sa aka ƙara wa janareton bututu, ya aika aka sayo abin shaƙa a kemis. Ya ce, "Ki ƙara haƙuri, Sa'a, na ɗan lokaci ne. Da zarar abubuwa sun daidaita zan sa sola, kowa ya huta. Kin san ke kika ceci aikin nan, ba zan manta ba."

Na ce na gode. Me zan ce? Bututun ya juya hayaƙin, iska tana dawo da shi. Zancen ɗaki kuwa bai taso ba, ni ma ban iya tayar da shi ba. Mutumin bai zage ni ba, bai kore ni ba, godiya ma yake yi mini. Da mugu ne da na sami wanda zan yi wa Allah ya isa.

Yanzu da an tayar da inji nake goya Ummi in fita. Muna wuni a gindin wata ɗorawa a bakin gonar maƙwabta, da tabarma da kwanon abinci, kamar masu tsaron tsuntsu. In hadari ya taso mu shiga zauren mutane. Daga inda nake zama ina hango tagata, a rufe da labule ruwan toka. Matan layi da suke zuwa kira sun zo sau ɗaya, aka ce musu ana mitin, ba su sake dawowa ba. Ɗaya ta ce mini, "Maman Ummi, ke da kika je Abuja, ashe da sabis ɗin namu kika tafi."

Mun nemi haya a nan kusa. Duk inda Baban Ummi ya je sai a ce an ba wani daga Abuja, ko ana jiran wani daga Legas, ko a faɗi kuɗin da zai sa ya juyo ba sallama. Masu gidaje sun gane baƙin nan ba sa tayi. Har tumatir a bakin titi ya san sun zo. Inna ta ce mu dawo Gwallaga wurinta, ga ɗaki, amma kun san layin, kun san injin markaɗen yana nan inda yake.

To kun ji Abuja. Titi a sama gaskiya ne, na gani ta gilashi. Atamfofin suna nan, wadda take so ta zo ta zaɓa, ni ba zan iya ɗaura su ba.

Roƙona ɗaya ne. Duk wadda ta san ɗaki a bayan gari, Tirwun ko wani wuri, ko na ƙasa ne, ko ba wuta, ko ba siminti, in dai yana da taga babba kuma ba inji kusa, don Allah ta gaya wa Baban Ummi a inda masu keke suke tsayawa a bakin Kasuwar Muda Lawal. In kun je dubawa ku ɗaga wayarku a cikin ɗakin. In kun ga sabis ya cika, ku bar shi, ba zai daɗe a hannunmu ba. Ku nemo mini wanda kira ba ya shiga.